Ejan ya ce in ajiye aiki in koma wata makaranta a Riyad: yaya zan yi da iƙamata?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina koyar da lissafi a wata makarantar kuɗi mai bin manhajar Ingila a Dammam. Kwantiragina na shekara biyu ne, saura wata huɗu ya ƙare, albashina riyal 6,000. Wani ejan ya samo mini gurbi a Riyad kan 7,500. Ya ce in ajiye aiki yanzu-yanzu kada wani ya riga ni, in kuma ba shi riyal 5,000 kuɗin canjin kafili da na wahalarsa. Ya ce tun da aka sauya doka ba na buƙatar yardar makarantata. Matata da 'ya'yana biyu suna nan tare da ni. Me kuke gani?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Malam, kafin komai, kada ka rubuta takardar ajiye aiki, kuma kada ka ba shi ko riyal ɗaya tukuna. Na daɗe a ofishin ma'aikata na wata makaranta a Jidda, fayil ɗin mai shigowa da na mai fita duk ta hannuna suke bi. Yawancin malaman da na ga sun shiga uku wajen canjin aiki ba mugun kafili, wato mai ba da aikin da ya ɗauki nauyin zamansu a ƙasar, ne ya jefa su ba. Gaggawa ce, da ɗaukar maganar ejan kamar ita ce doka.

Abin da ya gaya maka na cewa ba ka buƙatar yardar makarantarka gaskiya ne, amma rabi ya faɗa ya haɗiye rabi. A Nuwamban 2020 ma'aikatar ƙwadago ta Saudiyya ta sanar da gyaran tsarin kafala, aka fara aiki da shi ranar 14 ga Maris 2021. Daga ranar, ma'aikacin kamfani ko makaranta mai zaman kanta yana iya komawa wani wuri ba tare da sa hannun kafilinsa ba idan kwantiraginsa ya ƙare. Yana kuma iya tashi tun kwantiragin bai ƙare ba, muddin ya cika shekara ɗaya da shigowa ƙasar kuma ya ba da wa'adin sanarwa, wanda aka sa kwana 90 lokacin da aka ƙaddamar da tsarin. Akwai ma halin da ba a jiran shekarar: idan an hana shi albashi wata uku a jere, ko an bar iƙamarsa, wato katin izinin zama, ta mutu ba a sabunta ba, ko ya yi wata uku da shigowa ba a yi wa kwantiraginsa rajista ba. Masu aikin gida da direbobin gida ba sa cikin wannan sassauci, amma kai malami kana ciki. Kai da ka yi wata 20, ƙofa a buɗe take.

Rabin da ya haɗiye shi ne, an ba ka damar fita, ba a yafe maka kwantiragin da ka sa wa hannu ba. A dokar ƙwadago, kwantiragin baƙo dole ne ya kasance mai wa'adi. Sashe na 77 ya ce wanda ya katse irin wannan kwantiragi ba da dalilin da doka ta yarda da shi ba, zai biya ɗaya ɓangaren albashin sauran watannin da suka rage, sai fa idan kwantiragin ya faɗi wani adadi na daban, kuma diyyar ba ta gaza albashin wata biyu. Mutanenmu sun ɗauka kafili kaɗai wannan sashe yake ci. Yana cin ma'aikaci ma.

Ɗauko alƙalami, tunda lissafi sana'arka ce. Wata huɗu sau 6,000, riyal 24,000 ke nan makarantar za ta iya nema a wurinka. Sai kuɗin sallama. Sashe na 84 ya ba ma'aikaci rabin albashin wata a kowace shekara cikin shekaru biyar na farko, da cikakken albashin wata a kowace shekara bayan nan. Idan ka bari kwantiragin ya cika, shekara biyu ta ba ka riyal 6,000 cif. Idan kuwa kai ka ajiye, sashe na 85 ne zai hau kanka: wanda bai cika shekara biyu ba ba shi da ko sisi, daga shekara biyu zuwa biyar kashi ɗaya cikin uku, daga biyar zuwa goma kashi biyu cikin uku, sai mai shekara goma ne ke kwashe duka. Ka ga 6,000 ta tafi. Ƙara da 5,000 ta ejan, jimla 35,000. Ƙarin da ake kwaɗaita maka 1,500 ne a wata. Sai ka yi kusan shekara biyu a sabuwar makarantar kafin ka mayar da abin da ka zubar saboda ƙin haƙurin wata huɗu.

Akwai wata hanya da gyaran dokar da ya fara aiki a Fabrairun 2025 ya fayyace. Idan ka miƙa takardar murabus, makaranta tana da kwana 30 ta ba ka amsa. In ta yi shiru har suka wuce, an ɗauka ta amince. Tana iya jinkirta amincewar har kwana 60 idan ta rubuto maka dalili, kai kuma kana da kwana bakwai na janye takardar muddin ba su riga sun karɓa ba. Rabuwar da aka yi da amincewarsu a rubuce ita ce ke kare ka daga waccan diyya, amma ba ta dawo maka da kuɗin sallamar. Kuma in faɗa maka gaskiya, da wuya shugabar makaranta ko shugaba ya saki malamin lissafi ana saura 'yan watanni jarrabawa. Ba ƙeta ba ce, ba su da wanda zai shiga ajin gobe da safe.

Saboda haka ni a ganina ka ƙarasa wata huɗun nan. Amma ka buɗe kwantiraginka yau ɗin nan ka duba abu ɗaya: maganar sabuntawa. Da yawa an rubuta cewa idan ɗayanku bai sanar da ɗaya ba kafin wata ɗaya ko biyu ko uku da ƙarewa, kwantiragi ya sabunta kansa. Na sha ganin malami ya zo da murmushi yana cewa wa'adinsa ya cika, a buɗe masa kwamfuta ya ga tun makon jiya ya shiga sabuwar shekara. Idan naka wata uku ne, to wata ɗaya kacal ya rage maka ka shigar da sanarwar cewa ba za ka sabunta ba. Ka shigar da ita a Qiwa, shafin intanet na ma'aikatar ƙwadago inda ake rajistar kwantiragi, ka kuma kai kwafi ofis a buga maka hatimi da kwanan wata. Faɗa wa shugaba da baki a bakin ofis ba sanarwa ba ce.

Sai maganar 5,000. Canjin kafili yana da kuɗin gwamnati sananne: riyal 2,000 a karo na farko, 4,000 a na biyu, 6,000 daga na uku zuwa sama. Sashe na 40 ya ɗora wannan kuɗi a kan wanda zai karɓe ka, kamar yadda ya ɗora kuɗin iƙama da lasisin aiki da sabunta su da canjin sana'a a kan mai ba da aiki. Kuma ta banki ake biyansa kai tsaye cikin asusun gwamnati, ba ya bi ta aljihun kowa. To kuɗin me yake karɓa? Ejan na gaskiya makaranta ce ke biyansa, yawanci bayan malami ya kama aiki, shi ya sa yake ɗokin ka iso lafiya ka zauna. Wanda kuwa ya karɓa a hannunka tun kafin a fara, ya riga ya ci ribarsa. Ka samu aikin ko kada ka samu, duk ɗaya ne a wurinsa.

Ban ce kowane ejan ɓarawo ba ne. Makarantu da yawa ba sa tallan gurbi, ta hannun dillalan aiki suke ɗauka, kuma nagari a cikinsu yakan san abin da ba za ka gani a intanet ba, kamar makarantar da ke jinkirta albashi da wadda malamanta ke gudu duk shekara. Abin da za ka tantance shi ne matsayinsa a wannan cinikin. Wani mai haɗawa ne kawai, ya gabatar da kai ya koma gefe. Wani kuma kamfanin samar da ma'aikata ne, shi zai zama kafilinka, ya tura ka makarantar ka koyar, makaranta ta biya shi, shi ya yanki nasa ya ba ka saura. Haka ake ɗaukar malaman Ingilishi da yawa na shekarar share fage a jami'o'i. Ba haramun ba ne, amma ka sani cewa ranar da makarantar ta raba gari da kamfanin, kai za a kwasa a kai wani gari, ko a ajiye ka a gida. Akwai kuma na uku, mai cinikin biza, wanda zai ce a sa sunanka a ƙarƙashin wani ɗan ƙasa ka riƙa ba shi wani abu duk wata, ka yi aiki inda ka ga dama. Abin da ake kira biza mai 'yanci ke nan, kuma babu ita a dokar Saudiyya. Ƙarshenta biyan tara da tarhil, wato a tasa ƙeyar mutum zuwa ƙasarsa.

Tambaya ɗaya ke raba su: sunan wa zai fito a tayin da za a turo mini a Qiwa?

Domin a nan ake yin canjin, ba a WhatsApp ba. Sabuwar makaranta ce ke shiga asusunta na Qiwa ta nemi a mayar da kai wurinta, ta haɗa da kwantiragi. Kai sai saƙo ya shigo wayarka, ka shiga naka asusun ta Nafath, manhajar gwamnati ta tantance mai shiga, ka ga tayin a gabanka: sunan ma'aikata da lambarta, sana'ar da za a rubuta maka, albashi a rarrabe, wato na asali da kuɗin gida da na mota, ranar farawa da ta ƙarewa, tsawon lokacin gwaji da na sanarwa. Ka karanta layi-layi, musamman ɓangaren Larabci, don idan aka je kotu shi ne abin dogaro. Idan ka amince, a sanar da tsohuwar makaranta, wa'adi ya fara ƙirguwa, sannan sabuwar ta biya kuɗin ta kammala a ɓangaren Jawazat, hukumar fasfo da iƙama. Ranar da ka buɗe Absher, manhajar ma'aikatar cikin gida, ka ga sunan kafili ya sauya, ranar ka koma. Takardar tayi mai tambari da ejan ya turo maka a waya ba ta ɗaure kowa. Wani ma in ka duba sosai ba lambar rajistar kasuwanci, ba sunan mai sa hannu, adireshin imel ɗin kuma na Gmail ne. Na taɓa ganin wadda aka rubuta 8,000 a kanta, da tayin Qiwa ya iso sai ga 5,500, aka ce wa malamin ragowar za a riƙa ba shi a hannu. Abin da ba ya cikin kwantiragin Qiwa, tsarin kare albashi na Mudad ba ya ganinsa, kuma ba za a lissafa maka shi a kuɗin sallama ba.

Makarantar ma sai ta cancanta kafin ta iya karɓarka. Tsarin Nitaƙat yana auna kowace ma'aikata da yawan 'yan ƙasar da ta ɗauka, daga ja zuwa matakan kore zuwa filatinam. Wadda ke matakin ja ba ta iya jawo baƙo, komai son da take yi masa. A nan ne masu saurin ajiye aiki ke faɗawa rami: sun saki reshe sun kama ganye, sai a ce musu ai akwai 'yar matsala a kwamfuta, su ɗan jira.

Idan aka ce ka ɗan fara koyarwa kafin takardu su kammala, ka ce a'a. Sashe na 39 ya hana ka yi wa wanin kafilinka aiki, kuma masu duba makarantu suna shigowa ba sallama, iƙama suke fara tambaya. Haka nan kada ka daina zuwa tsohuwar makarantar don ranka ya riga ya tafi Riyad. Abin da muke kira hurub an sassauta shi a Oktoban 2022: idan kafili ya shigar da rahoton cewa ka daina zuwa aiki, ana ba ka kwana 60 ka koma wani wuri ko ka yi fitar ƙarshe, wato ka bar ƙasar gaba ɗaya. In suka wuce ba ka yi ko ɗaya ba, ka zama mai laifi a idon hukuma. Kwana 60 kamar da yawa, amma ga mai iyali wanda albashi ya tsaya kuma aka ce ya fita daga gidan makaranta, kamar ƙiftawar ido ne.

Akwai abin da ya shafi darasinka kai tsaye. A 2021 gwamnati ta yanke shawarar mayar da wasu guraben koyarwa hannun 'yan ƙasa mataki-mataki. A makarantun kuɗi masu bin manhajar Saudiyya, darussan da aka fara da su sun haɗa da lissafi da fiziks da bayoloji da kimiyya da kwamfuta. A masu bin manhajar waje kuwa, Larabci ne da addini da zamantakewa da zane da motsa jiki. Kai yanzu kana inda lissafi bai shiga sahun farko ba. Idan ta Riyad mai manhajar gida ce, gurbin naka na cikin waɗanda ake ƙirgawa, kuma baƙo ne ake fara sallama idan adadi bai cika ba. Ka tambaya. 'Yan'uwanmu masu koyar da Larabci da Alƙur'ani su lura, nasu lissafin a juye yake. Ka kuma tabbata sana'ar da za a rubuta a iƙamarka malami ce, ba ma'aikacin ofis ko wani abu da ya fi musu sauƙi ba, domin ofishin ilimi na yankin sai ya amince da kai a matsayin malamin wannan makarantar. Za su nemi takardun digirinka masu hatimin ma'aikatar ilimi da ta harkokin waje a Abuja da ofishin jakadancin Saudiyya. Idan na asalin suna ajiye a fayil ɗin makarantarka ta yanzu, ka san da su. Fasfo kuwa bai kamata ya kwana a hannun kowa ba sai naka, doka ta hana kafili riƙe shi.

Ko da komai ya tafi daidai, 7,500 a Riyad ba lallai ta fi 6,000 a Dammam ba. Ba ka faɗa mini ko makarantarka ce ta ba ka gida ba. In ita ce, to ka nemi farashin haya a unguwar da za ka koma kafin ka yi murna, don hayar Riyad ta yi tashin gwauron zabo a 'yan shekarun nan, kuma masu gida sukan so kuɗin wata shida ko na shekara a dunƙule. Harajin iyali riyal 400 ne kan kowane mutum a wata tun Yulin 2020, kai da mutum uku 1,200 ke nan, kuma yana binka duk inda ka je sai in makaranta ta ɗauke maka, abin da ba kasafai ake samu ba. Inshorar lafiya ta matarka da yara wajibi ce a kan mai ba da aiki, amma inshora suna ta tara, ka tambayi asibitocin da katin ke shiga. Ka tambayi rangwamen kuɗin makarantar yara, da tikitin zuwa gida, na kai kaɗai ne ko har iyali. Sai babbar tambaya da malamai ke mantawa: albashin wata 12 ne, ko ana yanke na dogon hutu? 7,500 sau goma 75,000 ne, 6,000 sau 12 kuwa 72,000. Ka ga duk hayaniyar a kan 3,000 ce a shekara. Lokacin gwaji ma yana iya kaiwa kwana 180, kuma a cikinsa ana iya sallamarka ba diyya ba kuɗin sallama. Mai shekara biyu a aji yana da bakin cewa a rage masa shi.

Iƙamar matarka da ta yara a jikin taka suke, suna binka ba sai an yi musu canji daban ba. Abin da za ka kiyaye shi ne tafiya. Idan ƙarshen kwantiraginka ya faɗo cikin dogon hutu, kada ka karɓi bizar fita da dawowa ka tafi gida alhali ana tsakiyar canjin, ka zauna a ƙasar har sunan ya sauya. Ka biya duk tarar hanya da ke kanka tun da wuri. Wani ejan zai ce ka yi fitar ƙarshe kawai, su aiko maka da sabuwar biza Najeriya. Wannan yana nufin iyali duka su fita, a rufe komai, a sake gwajin lafiya da bin ofishin jakadanci a Abuja ko Kano, sannan a sake neman izinin shigo da iyali daga farko. In bizar ba ta zo ba kuma, kana gida ba aiki. Ga wanda ke da damar canji a cikin ƙasa, ban ga dalilin wannan wahala ba.

Ranar rabuwa, za a miƙo maka takardar da ke cewa ka karɓi duk haƙƙoƙinka. Kada ka sa hannu sai kuɗin sun shiga asusunka: albashin ƙarshe, kuɗin sallama, da kuɗin kwanakin hutun da ba ka ci ba. Doka ta ba su mako ɗaya su biya, ko mako biyu idan kai ka kawo ƙarshen aikin. Sashe na 64 ya wajabta musu ba ka takardar shaidar aiki kyauta da mayar maka da duk takardun da ka ajiye. In an samu saɓani, ana fara shigar da ƙara a sashen sulhu na ma'aikatar ƙwadago ta intanet, a ba shi kwanakin aiki 21, in bai yiwu ba a wuce kotun ma'aikata. Kana da wata 12 daga ranar barin aiki, bayan nan da wuya a saurari ƙarar. Lambar ma'aikatar 19911 ce. Duk da haka ka yi ƙoƙari ku rabu da shugabanka da mutunci, domin shugabannin makarantun nan sun san juna, kuma kafin a turo maka tayi sau da yawa an riga an buga masa waya.

Shi kuma ejan, ka rubuta masa a rubuce, ba kiran waya ba. Ka ce kana son aikin, za ka samu damar farawa ranar kaza bayan kwantiraginka ya cika. Ka nemi cikakken sunan makarantar da lambar rajistarta, da ganawa ta bidiyo da shugabanta ko mai kula da ma'aikata, da lambar wani malami baƙo da ke koyarwa a can yanzu. Ka gaya masa kuɗin canji na makaranta ne bisa sashe na 40, kuma ba za ka taɓa komai a wurin aikinka ba sai ka ga tayi a Qiwa. Kai ma ka nemo lambar makarantar da kanka ka kira ofishinsu ka tambaya ko sun san shi. Sabuwar shekarar karatu a ƙarshen Agusta take farawa, kuma makarantar da ke neman malamin lissafi da gaske ta saba ɗaukar mutum watanni kafin ya iso. A cikin wata huɗun nan kuma ba abin da ya hana ka aika takardunka wasu makarantu biyu ko uku kai tsaye, ba ta hannun kowa ba. Allah ya zaɓa maka mafi alheri, a gaida iyali.